Shi Ya Haɗe Layukan Imel, Ni Anka Ɗora wa Ruɓewar Albasa

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara tun kafin ɓacin rai ya sa in yi abin da zan yi nadama.

Ni mace ce, kwamfuta na karanta, ina aiki da wani Alhaji mai motocin dakon kaya a Bagudo, suna ƙetarawa Benin da albasa da hatsi. Ni na rubuta manhajar da ke aika wa wakilinmu na boda imel duk safiya, ba sai an buga da hannu ba. Kowace mota da layinta, a rubuta kayan da ta ɗauko, sannan lambarta, sai a sauka layi na gaba. Da wannan yake shirya takardun ƙetarewa. Shekara biyu ba mu taɓa samun kuskure ba.

Manajanmu mijin yayata ne, Yaya nike ce mishi, kuma shi ya samo mini aikin, ban musa ba. Amma mutum ne mai ganin komai ya iya. Makon da ya wuce na tafi suna Kamba, sai ya buɗe kwamfutar ofis, wai yana son tambarin kamfani ya riƙa fitowa a saman imel. Ya kwafo wani abu a intanet ya mai da saƙon HTML, wato irin rubutun da ake gina shafin intanet da shi. To a rubutu zalla, alamar \n ke sauko da layi, amma HTML ba ruwanta da ita, sai ka sa tata alamar, br. Bai sani ba, bai tambaye ni ba, ko gwadawa bai yi ba.

Imel ya isa boda a dunƙule, mota shida a layi guda. Wakili ya ɗauki lambar motar masara ya haɗa da albasar da ke biye da ita. Takarda ta saɓa da kaya, anka tsare motar albasa kwana uku cikin rana. Direban ya ce mini ko tsayawa kusa da ita ba a iya yi don wari.

Da na dawo Alhaji ya tara mu. Gaban direbobi Yaya ya ce dama ya sha faɗi wanga aiki ba na mata ba ne, kaina na wurin biki na bar manhaja a lalace. Wallahi har da girgiza kai. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ke kika yi?" Ban kare kaina ba, ba don tsoro ba, don fuskar yayata da ta faɗo mini a rai. Alhaji ya ce in je gida har ranar Litinin.

Kafin in tafi na buɗe kwamfutar, gyaran bai kai minti biyar ba. Kuma manhajar na ajiye sunan wanda ya taɓa ta da lokacin, ga sunanshi nan ƙarara, ranar da nike Kamba. Na ɗauki hoto na tura mishi. Maimakon ya ji kunya, kira na ya yi yana ce mini butulu, wai in na nuna wa Alhaji in tanadar wa yayata ɗaki gidanmu. Ita kuma ta zo tana kuka, 'ya'yansu huɗu, wai in haƙura in karɓi laifin. Inna ma ta ce in rufa asiri.

Ni kuwa na tsane shi, ko muryarshi ba ni son ji. Har a kasuwar Lolo ta bakin boda an fara cewa yarinyar kwamfuta ta ruɓar da albasar Alhaji, wa zai sake ba ni aiki a garin nan?

Jibi Litinin. In nuna wa Alhaji hoton, komi zai faru da auren yayata ya faru? Ko in tsaya gaban direbobi in ba da haƙurin abin da ban yi ba, shi yana zaune yana kallona? Masu shirin ce mini in yi haƙuri, ku fara gaya mini mi za ku yi in sunanku ne.