Ɗiyar Baraka

Talata, 7 ga Mayu
Mu 'yan zumuntar mata mun kai dambu da ruwa bakin iyaka, gaba da Jibiya. An sauke mota biyu ta mutanen da aka koro daga arewa. Matar Fasto ta ce ni zan rubuta sunayen yara don addu'ar Lahadi. Ni da na koyi karatu bayan furfura ta fito! Gaskiya fuskoki nake dubawa, ba sunaye ba. Shekara biyu ke nan da ɗana Yahaya ya bi wannan hanya. Ba ya cikinsu.

Alhamis, 9 ga Mayu
Hadari ya haɗu, bai zubo ba.

Lahadi, 12 ga Mayu
An karanta sunaye sha tara a coci. Na sa Yahaya a sama, ko da yake ba yaro ba ne.

Talata, 14 ga Mayu
Wata mata, Baraka, leɓɓanta duk sun tsage, da ɗiyarta Fadila 'yar shekara huɗu. Ta leƙa takardata: "Iya, mi kike rubutawa? Ta gwamnati ce?" Na ce ta addu'a ce. Ta ce su Musulmi ne. Na ce na sani. Sai ta ce, "To, rubuta da kyau."
Mijinta ya ɓace can cikin hamada, wai za ta koma nemansa. Wani mai babur mai baƙin tabarau yana ta zagaye rumfar da aka sauke su. Shi ke tsallakar da mutane ta daji. Irinsa ne ya ɗauki Yahaya.

Juma'a, 17 ga Mayu
Na koma ni kaɗai. Na roƙi Baraka kar ta tafi, har na durƙusa. Ta ce, "Iya, ke da kika zauna jira, kin ga naki?" Na ce ko yarinyar dai ta bari.

Talata, 21 ga Mayu
Baraka ta tafi tun shekaranjiya. Mutum takwas na takardata babu su. Na tarar da Fadila wurin mai shayi, rungume da ƙullin kayanta. Uwar ta bar saƙo: a ba matar nan mai takarda. In yi mata addu'a irin tamu in ina so, amma kar a canja mata suna, kar a hana ta salla.
An sanar da hukuma. Na kawo ta gida.

Lahadi, 26 ga Mayu
Ba ta kuka, shi ne ke ba ni tsoro. In babur ya wuce sai ta shige bayan zanena. Maƙwabciyata Hajiya Sadiyya ta ba ta ƙaramin hijabi, ta ce ta riƙa zuwa salla tare da jikokinta.

Talata, 28 ga Mayu
An sauke wata mota. Na tsaya har na ƙarshe ya sauko. Babu Baraka. Sai da muka kusa shigowa Katsina na tuna layin mata kawai na duba, ban nemi Yahaya ba.
Zafi ne, ina jin.
Fadila na barci a cinyata. Ban ce a juya ba.