Abin da Na Ji ta Bayan Ƙofa

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da yara. Ya ƙafar Inna? Mu nan alhamdu lillahi, aiki sai godiya.

Kin tambayi Auta. Da sauƙi, amma giyar nan ba ta sake shi ba, har aikin tuƙin ya rasa. Wata abokiyar aikina a gidan wanki ta nuna min ɗakin da masu irin lalurarsa ke haɗuwa duk mako. Na raka shi, na zauna waje da carbina.

Yaya, a can kowa da bakinsa yake faɗar abin da yake sha. Mu da muka tashi da "Allah ya rufa asiri" a baki! Ta bayan ƙofa na ji autan Inna yana gaya wa baƙi abin da ya sha rantse min ba ya yi. Na yi kuka, ban sani ba ko na kunya ne ko na godiya.

Kar Inna ta ji tukuna. Ke dai ki taya ni roƙon Allah ya sa ya koma mako mai zuwa.

Ƙanwarki