Aji Biyar, Mako Shida

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da yara da babansu.

Kin ce in riƙa ba ki labarin yadda nake. Ina nan. Na fara fita neman aikin koyarwa na cike gurbi, irin wanda idan malami ya yi rashin lafiya ko ya tafi hutu sai a kira mutum ya riƙe ajin. Na yi kwafin takarduna guda ashirin, ina bin makarantun firamare ɗaya bayan ɗaya. Zuwa yau na shiga sha ɗaya.

Duk iri ɗaya ne. Maigadi ya tambayi wurin wa na zo, a nuna min benci a bakin ofis, in zauna. Shugaban ya duba takardun, ya ce shekara tara a aji ba wasa ba, me ya sa na bari? In ce rasuwa aka yi min. Ya ce Allah ya jiƙan rai, za su neme ni. Wata ma ba ta buɗe ambulan ɗin ba, ta ɗora kofin shayinta a kai. Ban ji haushi ba.

Maigidan ya ce ba dole sai na yi aiki ba. Na sani. Amma tun da 'yata, takwararki, ta rasu, shekara ɗaya da wata biyu ke nan, daga ƙarfe takwas zuwa biyu ban san abin da ake yi da gida ba. In share, in zauna, in sake sharewa.

Tsohuwar makarantarmu ce kawai ban je ba. A can ta yi karatu, kin sani.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai ƙafata da ke ta rigima da ni kamar na ci mata bashi.

Na karanta takardarki sau uku, ban ji ki a ciki ba. Ke da ake jin muryarki tun daga bakin titi, yau a ɗora kofi a kan takardunki ki ce ba ki ji haushi ba? Da ni ce da shayin ya ƙare a jikin tebur.

Yanzu ki saurara, in za ki yi faɗa ki yi. Na yi magana da mijinki, na sa shi ya ɗauki ambulan ɗaya daga cikin jakarki ya kai wa shugaban tsohuwar makarantarku. Kada ki tuhume shi, ni na matsa masa. Can aka san ki, can ba sai kin zauna a benci kina bayanin kanki ba. Kina zagaye gari kina kauce wa ƙofa ɗaya, kuma ita kike kallo.

Ni ma 'yata ce, sunana aka sa mata. Ba na son in rasa ku biyu.

Ki ci abinci.
Yayarki

*

Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri.

Takardunki sun iso gare ni. Malamar aji biyar za ta tafi hutun haihuwa na mako shida daga ranar Litinin, kuma muna buƙatar wanda zai riƙe ajin.

Ya zama wajibi in sanar da ke cewa wannan shi ne ajin da marigayiya take ciki, yaran ne suka ci gaba. Na duba ko zan iya musanya miki da wani ajin, hakan bai yiwu ba. Idan kin ga ba za ki iya ba, babu laifi ko kaɗan, kuma sunanki zai zauna a wurina har wata dama ta samu.

Malamai duka suna gaishe ki.

Naki,
Shugaban Makaranta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata ƙafar ta yi sauƙi.

Ban yi faɗa da kowa ba. Na je.

Maigadin yana nan, ya cire hula ya buɗe min ƙofa. Da na shiga ajin suka miƙe suka gaishe ni da ƙarfi. Su talatin da huɗu ne. Na kira suna, na rubuta kwanan wata a allo, muka yi lissafin rabawa. Na yi ta jiran abin da kowa ke tsoro ya zo, bai zo ba. Na ba da aikin gida, aka kaɗa ƙararrawa.

Haka Talata, haka Laraba. Malamai suna yin ƙasa da murya idan na shiga ofis. Yaran ma ba sa surutu, ko rigimar fensir ba sa kawo min. Gara su yi.

Lokacin hutun tara ƙawar takwararki ta tsaya a bakin tebur, wadda suke zama benci ɗaya.

Ta ce, "Malama, kin dawo ke nan?"

Na ce, "Mako shida ne."

Ta ce, "To," ta tsaya kaɗan, ta fita.

Ina cin abinci. Ki gaida yara.
Auta

*

Yaya,

Salam. Yau ƙawar tata ta fito allo yin lissafi, ta tsaya kusa da ni. Ta kai min kafaɗa. Dā kansu ɗaya, ita da takwararki.

Na ba yaran aiki, na fita bayan aji wajen famfo. Na daɗe a can. Da na dawo idona ya kumbura, babu wanda ya tambaye ni, muka ƙarasa darasin.

Ki zo ranar Asabar idan ƙafar ta bar ki. Ki taho da hotunan da na ce ki kwashe. Akwai wanda muka tsaya ni da ita. Na manta inda take kai min.

Auta