Sai Na Ga Haƙoransa

Baba,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ya su Bintu? Ya ciniki a kasuwar dabbobi? Ni lafiya lau nake a Amurka. Hannuna ya ɗan tsattsage da wankin kwanukan ɗakin abinci, amma ba ya hana ni rubutu.

Yaya Garzali ya ce ka ware ragon sadaka saboda jami'a ta gayyace ni ajin zaƙaƙurai. Don Allah a dakata. Matar da ke ofishin ɗaukar ɗalibansu ta ce ajin zai buɗe mini ƙofar karatun likita. Ta yaba shi har ta tuna mini da dillalan kasuwar Gamboru. Kai ka koya mini in bar bakin dillali in buɗe na rago in duba haƙora, shi ya sa na tambaye ta mutum nawa aka ɗauka karatun likita cikin 'yan ajin na bara. Sai ta yi murmushi ta miƙo mini alewa.

Na nemo ɗaya daga cikinsu. Ya ce ƙarin aikin ya ja makinsa ƙasa, makin kuwa aka fara dubawa da ya nemi karatun likita.

Ban sa hannu a takardar shiga ajin ba, Baba. Sai na ga haƙoransa. A ci gaba da ba ragon dusa, ni kuma a saka ni a addu'a.

'Yarka,
Rumaisa'u