Gaisuwar da Kika Yafe Mini

Zuwa ga Malama Anke,

Bayan gaisuwa mai yawa, ki yi haƙuri da ƙarfin halin da na yi na rubuto miki. Ni ce Hafsatu, 'yar Najeriyar nan mai tsayawa a ƙarshen layi a kulob ɗin judo na unguwar Al-Shifa, a nan ƙasar Larabawa. Na san ba za ki karanta ba. Ko da kina raye ma ba kya jin Hausa, amma da ita kaɗai nake iya faɗin abin da ke raina.

Da za ki koma Jamus kin ce mana magani za ki je ki dawo. Sai labarin rasuwarki muka ji. Ashe ciwon ya daɗe a jikinki. Me ya sa kika ɓoye mana, Malama?

Kin tuna lokacin da Baba ya so ya cire ni daga kulob? A wayar Mama ya ga muna sunkuya wa juna kafin kokawa, ya ce ruku'u na Allah ne, 'yarsa ba za ta yi wa mutum ba. Kika fito cikin rana har wurin motar kafilinsa, wato Balaraben da yake yi wa aiki, kika yi masa magana da Larabcinki mai tsalle-tsalle. Kika ce a kan tabarmarki in na ɗora hannu a ƙirji ya isa gaisuwa. Ni ina bayanki, ko godiya na kasa yi.

Ban taɓa gaya miki ba, na nemo bidiyon wasanninki na da. Na gan ki kina budurwa, da tutar ƙasarku a jikin riga. Na ga wasan neman lambar tagulla, wanda gwiwarki ta goce a cikinsa. Kika miƙe da ƙyar, kika gyara ɗamara, kika sunkuya wa wadda ta kayar da ke. Daga nan ba ki sake shiga gasa ba. Sai da na kalla na gane cewa abin da kika yafe mini ba ƙarami ba ne a wurinki. Ya yi miki ciwo? Ba ki taɓa nunawa ba.

Ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. An yi gasar 'yan mata tsakanin kulob-kulob a unguwar Al-Badi'a. Sabuwar malamarmu ta ce doka doka ce, alƙaliyar wasa za ta iya fitar da ni in ban sunkuya ba. Baba kuma ya ce in dai sai da sunkuyo, to in haƙura da judo gaba ɗaya. Na duba, babu mai yin magana a madadina.

Sai na je da kaina, ni da ko a aji ba na ɗaga hannu. Na yi wa alƙaliyar bayani. Ta saurare ni, sannan ta kira shugabarsu. Suka ce sun yarda a wannan karon, amma ba su yi mini alkawarin wani wuri ba.

Na ci wasan farko. A na biyu wata 'yar Sudan ta ɗaga ni ta maka da ƙasa. Na tashi, na ɗora hannu a ƙirji, na gaishe ta. Baba yana waje cikin mota yana jira. Ya tambaye ni ko na sunkuya, na ce a'a. Ya tambaya ko na ji ciwo. Sannan ya ce in ci gaba.

Akwai wata gasa bayan hutu, da wasu alƙalai. Dole in sake zuwa gabansu, kuma suna iya ƙi. Ina jin tsoro, ba na son Baba ya sani. Ki ba ni izini in sake rubuto miki, ko sun yarda ko sun kore ni.

Na bar ki lafiya, Malama. Na gode.

Ɗalibarki,
Hafsatu