Gyaɗar da Inna Ke Kawowa Gida

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ban taɓa rubuta wa kowa damuwata ba, amma wannan ta fi ƙarfina.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tsintar gyaɗa take yi a wani babban sito tun ina goye. Mata ne ke zama a jere kan buhuna, kowacce da tire a cinya, suna ware mai kyau daga wadda ta yamutse, ko ta yi baƙi, ko fumfuna ya kama. Mai kyau a ɗinke ta a buhu a sayar. Marar kyau kuma mai sito ya bar wa masu tsinta, kowacce ta ƙulle tata a leda ta tafi gida. A wurinsu alheri ne, kuma da ita muka tashi. Inna za ta soya ta har ta yi duhu, ta daka ta zuba a miya, ragowar mu cika aljihu mu tafi makaranta. In ka tauno mai ɗaci ka tofar, ka ci gaba. Ranar da mijina ya fara sayo mana mai kyau, ce masa na yi ba ta da ɗanɗano. Har yau yana tsokanata da wannan magana.

Yanzu Inna a wurina take zaune. Kwanakin baya ta fara kasala, abinci ya fita ranta, farin idonta ya koma rawaya. Da ƙyar na ja ta asibiti. Gwajin jini ya nuna tana da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kuma wai ta daɗe a jikinta. Daga nan aka tura mu hoton ciki.

Anti, ni iyakar sanina da hanta ita ce wadda mahauci ke yanko min a kasuwa. Sai ga mai ɗaukar hoton ta juyo min da allon, ta nuna min wani abu toka-toka yana ɗagawa yana sauka tare da numfashin Inna. Ta ce kusan duk abin da Inna ta haɗiya tun da ta zo duniya, abinci ne ko magani, sai jini ya biyo da shi ta nan an tace shi. Abu yana cikinka yana maka aiki, ba ka jin bugunsa kamar zuciya, ba ya kuka kamar ciki in ya ji yunwa, kai kuma ko sau ɗaya ba ka taɓa tuna shi ba. Har ta ce ko yanke wani sashe aka yi daga lafiyayyar hanta, ragowar tana sake girma. Ikon Allah! A motar komawa gida hannuna na kan haƙarƙarina na dama, har matar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko lafiya.

Likita ya ce hantar Inna ta yi tabo, amma bai ga alamar daji ba. Da ta fita karɓar magani ya tambaye ni sana'arta, na ba shi labarin gyaɗar nan ina dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya ce fumfunan nan yana da dafi mai cin hanta a hankali, kuma kada a sake cin gyaɗar a gidan.

To ga inda na maƙale. Ina da yaya, ɗan farin Inna, ya rasu yana saurayi, cikinsa a kumbure, idanunsa rawaya. Ba a yi masa wani gwaji ba, mutane suka yi ta surutu, wasu suka ce jifa ne. Duk gidan ba wanda ya kai shi son gyaɗar nan, har ware masa tasa Inna take yi a wani kofi. Ta daɗe kafin ta iya ambaton sunansa ba ta yi kuka ba. In na faɗa mata abin da likita ya ce, Inna ba yarinya ba ce, nan take za ta haɗa maganar.

Shi ya sa na yi mata kwana-kwana, na ce maiƙo aka hana ta. Ta ce to, ita ta bari, amma ai jikokinta ba a hana su ba. Har yanzu tana zuwa sito in ta ji dama-dama, ta dawo da ledarta, ta soya wa 'ya'yana, su kuma su kewaye ta kamar kaji. Na koma zubarwa a ɓoye. Da ta kama ni sai ta zauna bakin gado ta ce, "Yanzu abin da na raine ki da shi ne kike ƙyama?" Mijina ya ce ko in faɗa mata gaskiya ko shi ya faɗa, shi kuwa bai iya lallashi ba. Ina tsoron hantar 'ya'yana, ina tsoron zuciyar uwata. Yaya zan yi?

'Yar mai tsinta

Ƙanwata, sannu da ɗawainiya. Na karanta wasiƙarki har ni ma na tsinci hannuna a kan haƙarƙari. Mamakinki a kan hanya yake. Hanta ce ke tace jini, ta adana wa jiki ƙarfi, ta haɗa abin da ke tsayar da jini in an yanke, ta taimaka wajen narkar da maiƙo, duk a lokaci guda. Amma shirunta shi ne haɗarinta. Tana iya shekaru tana ciwo mai ita yana yawonsa, kuma in tabo ya yi yawa, sake girman nan da aka gaya miki ba ya iya rufe ɓarnar.

Likitanku ya yi gaskiya. Dafin fumfuna ba ya mutuwa da suya ko dahuwa, kuma tofar da mai ɗaci ba ya kare kowa, don wadda ba ta da ɗaci ma tana iya ɗauke da shi. In ya haɗu da ciwon hanta nau'in B, haɗarin daji yana ƙaruwa sosai. Haka masara da sauran hatsin da suka kwana cikin danshi. Kada yaro ya ƙara ɗanɗana gyaɗar nan, kada kuma a zuba wa dabbar da ake tatsa.

Ki je a gwada ki, ke da mijinki da yaran da duk wanda Inna ta haifa, domin ana ɗaukar ƙwayar ciwon hantar nan wurin haihuwa, ta jini, da ta kwanciyar aure. Wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi, allurar tana aiki. Kowa ya riƙe rezarsa da burushinsa da abin yankan farcensa. Amma kada wani ya ware wa Inna kwano ko kofi, ba a ɗaukarta ta cin abinci tare. Ta riƙa komawa asibiti duk lokacin da aka sa mata, ko da ta ji garau. Ban da jiƙe-jiƙen da 'yan dubiya za su fara kawowa wai na wankin hanta, ban da shan maganin ciwon jiki barkatai.

Sai maganar da ta fi nauyi. Mijinki yana da gaskiya, ɓoye-ɓoyen nan ya isa haka. Ke ma kina da gaskiya, ba shi ya kamata ya faɗa ba. Ki duba abin da shirunki ya jawo: don kada Inna ta ji ciwo, kin bar ta tana zaton 'yarta ta raina ta, kuma yaran ba su daina ci ba. Ki zaunar da ita ku biyu. Ki fara da godiya, don da abin da hannunta ya samu ta ciyar da ku, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata. Sannan ki faɗa mata maganar likita yadda take. Ki sayo mai kyau ki ba ta ta ci gaba da soya wa jikokinta, ki kuma roƙe ta ta gaya wa abokan aikinta, don daga bakinta za su fi yarda.

Za ta tambaye ki yayanki, ki shirya. Kada ki rantse mata cewa ba gyaɗar ba ce, kada kuma ki bar ta ta yanke wa kanta hukunci. Ba a gwada shi ba. Ba ki san abin da ya yi ajalinsa ba, likita bai sani ba, ita ma ba ta sani ba, kuma wannan ita ce gaskiyar da za ki maimaita mata ko sau nawa ta tambaya. Za ta yi kuka, ki zauna ku yi tare. Matar da ta binne ɗanta ba za ta gode miki ba in wata rana ta gano kin bar ta tana miƙa wa jikokinta abin da kike tsoro. Ki yi maganar nan kafin ta sake ɗora kasko a wuta.

Allah ya ba Inna lafiya, ya jiƙan yayanki, ya raya miki yaranki.