Zumar Kaka Gergina

Daga gidan tsofaffi, 27 ga Maris

Zuwa ga Goggo Bistra, a Valencia.

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya zaman ƙasar mutane? Ni ce Nevyana, mai shirya wa tsofaffi bukukuwa a gidan da mahaifiyarki take. Na so in buga miki waya, amma wayar a ofishin shugabar gidan take, ita kuwa ba abin da ke wuce kunnenta, shi ya sa na ɗauki biro.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: bikin cikar Kaka Gergina shekara casa'in ya watse. Kayan da kika aiko sun iso, mun kuma bi takardarki sau da ƙafa. Mun hura balan-balan har kaina ya yi ciwo. Kawu Tsanko mai girki ya gasa kek yana mita, wai shi ba a koya masa abincin 'yan gayu ba. Muka ɓoye mata kamar yadda kika ce ana yi a can. Na turo kekenta zuwa ɗakin cin abinci, jama'a suka ɗauki tafi, na ɗora mata kambin takardar nan mai ruwan zinariya.

Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Wa ke ciyar da mutanen nan?"

Na ce, "Kaka, yau ke sarauniya ce, naki zama kawai."

Ta ce, "Sarauniya? Mabaraciya dai. Tun da na yi wayo ban taɓa zama a ranata hannu rabbana ana miƙo mini faranti ba. Mai da ni ɗaki, yarinya."

Goggo, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni fa kakata ce ta raine ni, na sani sarai mai rana shi ke ciyarwa. Ko ɗan firamare da alawarsa yake zuwa aji ranar haihuwarsa. Amma sai na ce tsohuwa ce a keken guragu, a hutar da ita. Garin gyaran gira na tsone ido.

Washegari na sayo kwalin cakulan na ɗora mata a cinya, na ce ta zagaya ta raba. Ta ce, "Kayan wa zan raba? Ki saya, ni in karɓi albarkar? Ni ba ɓarauniya ba ce."

Yau kwana shida ba ta leƙa ɗakin cin abinci ba. Shayi take sha, sai cokali biyu na kindirmo in na yi ta magiya. Ta ce wanda ba shi da abin bayarwa bai kamata ya cika ciki ba. Likita ya ce in ta ci gaba da ramewa haka, asibiti za a kai ta a sa mata robar abinci ta hanci, kuma kin san irinsu in sun tafi ba kasafai suke dawowa ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Don Allah ki faɗa mini, akwai wani abu da ya rage a duniyar nan wanda nata ne na kanta? Ko allura ce.

Ki huta lafiya.
Nevyana

*

Valencia, 6 ga Afrilu

Zuwa ga Malama Nevyana.

Bayan gaisuwa da girmamawa, wasiƙarki ta same ni jiya, na kuma gode da kika faɗa mini gaskiya ba tare da kwana-kwana ba.

Laifin ba naki ba ne. Ni na rubuta takardar. Shekara goma sha ɗaya ina jinyar iyayen mutane a nan, na ga yadda tsohuwar da nake wa aiki take murna in 'ya'yanta suka yi mata irin wannan biki, sai na manta wace ce ta haife ni. Inna ba ta taɓa kai loma baki a ranarta ba sai baƙo na ƙarshe ya ƙoshi. A tsaye take wuni, da faranti a hannu.

Game da tambayarki, na daɗe ina tunani. Gidanmu na ƙauye na sayar da shi lokacin da na kawo ta wurinku, da gadon da tukwanen da komai. Ba ta ce mini uffan a kan haka ba, kuma shirun nan ya fi mini zafi a kan faɗa. Abu ɗaya ne bai shiga ciniki ba: amya uku na marigayi Baba. Suna bayan gidan maƙwabcinmu Kawu Nedyalko, a Lipovo Bardo. Ya ƙi saye, ya ce ƙudan zuman mamaci ba a cinikinsu, sai dai a riƙe wa matarsa. Ina jin hatimin katakon da take danna wa gurasar biki ma yana wurin matar Kawu Nedyalko.

Ranar Waliyyi Georgi saura wata guda, shida ga Mayu. Ita ce ranar sunanta, tunda sunan waliyyin ta ci, kuma a wurinta ta fi ranar haihuwa nesa ba kusa ba. Ban san ko za ta kai ba. Ban kuma san ko ina da bakin roƙonki ki hau mota zuwa ƙauyen da ba naki ba, amma ina roƙo.

Taki cikin girmamawa,
Bistra Peneva

*

Daga gidan tsofaffi, 19 ga Afrilu

Goggo Bistra,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki daina ce mini Malama, kina sa ni jin kamar na tsufa.

Na je Lipovo Bardo ranar Asabar. Motar ta sauke ni a mararraba, na taka sauran da ƙafa cikin taɓo, takalmina ɗaya har yanzu bai dawo hayyacinsa ba. Kawu Nedyalko na gan shi a kan tsani yana gyaran rufi, mutumin da ya haura tamanin! Da na ambaci sunan Kaka sai ya sauko ya cire hula, ya zaci rasuwa na kawo. Da ya ji tana raye ya ce, "To me ya hana ku zuwa tuntuni? Kayanta sun cika mini ɗaki."

Goggo, ya kai ni ɗakin ƙasa. Kwalabe ne jere a kan katako, kowace da shekararta, kowace an rubuta Gergina da alli. Shekara shida yana ɗibar zuma yana ware mata nata, bai taɓa ko ɗaya ba. Na tsaya ina kuka kamar sakarya, shi kuma yana ta faɗa wai hawaye na tsinka zuma. Na ɗauko shida, iya abin da kafaɗata za ta iya, matarsa ta naɗo mini hatimin a tsumma.

Da na shiga ɗakin Kaka ta juya wa ƙofa baya. Na buɗe kwalba ɗaya na ajiye kusa da matashinta. Can sai na ji ta ce, "Wannan ta amyar da ke kusa da rijiya ce. Nedyalko ya yi saurin ɗiba, kullum haka yake, ba shi da haƙuri." Ta juyo. Na ce, "Taki ce, Kaka, ga sunanki." Ta shafa allin da yatsa, sannan ta ce a kira mata mai girki.

Da kin ga cinikin! Ta ce tana son gari da ƙwai da cuku na mutum arba'in, amma ba kyauta ba, musaya da zuma. Kawu Tsanko ya ce kwalba biyu. Ta ce, "Biyu? Don garin nan naka mai kama da toka? Ɗaya, kuma ka gode wa Allah." Ya ce, "Tsohuwa, ke fa ana cewa kin kusa mutuwa." Ta ce, "Sai na ga bayanka." Suka shirya a ɗaya.

Saura shugaba, wadda ta ce doka ta hana tsofaffi shiga kicin. Na ce to doka ta hana kicin zuwa wurin tsofaffi? Ta harare ni ta ce in fita mata daga ofis, amma ba ta ce a'a ba. Za mu fito da teburin kwaɓi ɗakin cin abinci.

Kada in yi miki daɗin baki: har yanzu cin nata kaɗan ne, zobenta ma ya zame daga yatsa. Likita ya ce zai jira zuwa bakwai ga Mayu, daga nan ba ruwansa da waliyyi. Amma jiya ta sha romon wake rabin kwano, wai tana bukatar ƙarfin yi wa Tsanko tsawa.

Taki,
Nevyana

*

Valencia, 28 ga Afrilu

'Yata Nevyana,

Ina gaishe ki. Na karanta wasiƙarki sau uku a tashar mota, har motar ta wuce ta bar ni. Ban san da wane baki zan gode miki ba, ke da Kawu Nedyalko. Allah ya ba ki mai yi miki.

Tambaya ɗaya gare ni, kuma ki amsa mini tsakani da Allah. Ta ambace ni? Shekara shida rabona da ita, tun ranar da na sa hannu a takardar sayar da gidanmu. Ina aiko kaya, ina aiko kati, amma ba ta taɓa cewa in zo ba. Na ɗauka ba ta son ganina. In ta ce in zo, ko a ƙafa ne zan zo. In ba ta ce ba, kada ki matsa mata.

Ki gaishe da Kawu Tsanko, ki ba shi haƙuri.

Bistra

*

Daga gidan tsofaffi, 7 ga Mayu

Goggo Bistra,

Albishirinki! Likita ya zo da safen nan, ya tarar da ita tana cin gurasa da cuku, ya mai da takardar asibitinsa cikin jaka.

Bari in ba ki labari daga farko. Jiya tun da sassafe ta sa na ɗaure mata kallabi, ta ce a kai ta bakin tebur. Hannuwanta ba sa iya murza kwaɓi, sai Kawu Tsanko ya zama hannunta, ita kuma ta zama bakinsa. "Da ƙarfi mana! Kwaɓi kake yi ko shafa kan jariri?" Mutumin da ya shekara talatin yana girki, gumi na zuba, sai "To, Kaka" yake cewa. Da aka zo danna hatimi ta ture shi, ta ɗora tafinta biyu a kai, ta danna da duk nauyinta. Gurasa biyar, kowace ita ta danna.

Na ce bari in zagaya ɗakuna in gayyato mutane. Ta ce, "Kul! Wa ya taɓa gayyata ranar suna? Buɗe ƙofa kawai, mai ƙaunata ya san hanya." Ƙamshi kuwa ya yi mana aikin. Suka yi ta fitowa da sanduna da kekuna, har Kaka Stoyka da ta yi wata biyu tana gaba da ita a kan kujerar bakin taga. Kowa ya zo ya ce, "Ki rayu, sunanki ya ɗore," ita kuma ta gutsura masa gurasa da hannunta ta tsoma a zuma. Ni ke tura keken, ita ke nuna hanya: "Can, wancan bai samu ba. Ƙara wa shugaba, ta rame." Kawu Nedyalko ma sai ga shi da rana tsaka cikin kwat ɗin aurensa, ba wanda ya aika masa. Wani tsoho da ban taɓa jin muryarsa ba ya ɗauko gogensa, aka yi rawa, masu keke suna kaɗa hannu.

Sai da ta tabbata kowa ya ci, har mai shara, sannan ta ce, "To yanzu a ba ni." Goggo, ta ci gurasa, ta ci naman ɗan rago, ta nemi ƙari. Na fita baranda na yi kukana na dawo.

Na gode miki da kika tuna da amyan nan. Kin ceci mahaifiyarki, ni kuma kin koya mini aikina. Na riga na fara bin sauran ɗaya bayan ɗaya ina tambayar abin da kowa yake da shi na bayarwa. Mai gogen ya ce shi kiɗa zai raba.

Tambayarki kuwa, ban matsa mata ba, karanta mata wasiƙarki kawai na yi. Da na gama ta ce in kawo takarda. Ga ta nan a ciki, bakinta ne, hannuna ne, ban ƙara ko wasali ba.

Taki har kullum,
Nevyana

*

Bistra,

Ina gaishe ki. Na ci abinci, ki kwantar da hankalinki.

Gida kuwa, tubali ne, na daɗe da mantawa da shi. Kambin da kika aiko yana nan a kan taga, na gode, amma kada ki ƙara.

An ce kina jira in ce ki zo. Ke 'yar wa ce? A gidan wa kika ga an gayyaci mutum? Shekara shida duk ranar Georgi ina sa a juya kekena ya kalli ƙofa. Jiya na gutsura rabonki kafin na kowa, yana cikin tsumma. Zai bushe, amma in an tsoma a shayi yana ciyuwa.

Zuma saura kwalba biyu. Ƙofa a buɗe take.

Innarki,
Gergina